Daga Kano Zuwa Yankari da Iyali, a Tsanake

 Yau a kan hanya za mu yini. Maigida, matso kusa da rediyo. Uwargida, ke ma kada ki yi nisa, domin rabin maganar taki ce.

In mun duba, yawancin tafiye-tafiyen da muke yi da iyali tafiyar dole ce: biki, suna, ta'aziyya, ganin gida da salla, ko mayar da yaro makarantar kwana. Kowacce akwai mai jiranka a can. Za a ɗaura aure ƙarfe goma sha ɗaya, ko za a yi addu'ar uku da hantsi. Shi ya sa maigida yake taka mota ba ji ba gani, yaro ya ce fitsari yake ji a ce masa ya riƙe an kusa. Yaranmu da yawa sun ratsa rabin Arewa a bayan mota, amma ka tambaye su me suka gani, sai su ce maka barci suka yi.

Tafiyar da muke nufi yau daban take. An yi hutun makaranta, Allah ya hore abin zuba mai, aka ce bari a fita da yara su ga ƙasa. Babu mai jiranku, babu liman da zai ɗaura aure ba ku iso ba. Matsalar ita ce, mutumin da ya saba da tafiyar dole, in ya tashi yin ta shaƙatawa, da halinsa na gaggawa yake shiga mota. Ya lissafa wurare bakwai da za a gani cikin kwana biyu, a dawo gida kowa ya jigata, uwargida ta rantse ba za ta sake ba.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki hanya guda mu bi ta tun daga tushe. Za mu tashi daga Kano, mu bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, mu shiga Bauchi, daga nan mu gangara gandun dajin Yankari. Wanda ke sauraronmu daga Sakkwato ko Damagaram sai ya ɗauki awon ya gwada a kan tasa hanyar.

Kano zuwa Bauchi ta wannan hanya kimanin kilomita 300 ne. Daga Bauchi zuwa masaukin baƙi na Wikki da ke cikin Yankari kuma kimanin kilomita 110. Direban haya zai ce maka wannan ai tafiyar yini guda ce, har da sauran rana. Gaskiya ya faɗa, amma shi fasinja ya ɗauko, kai kuwa iyali ka ɗauko. Abin da nake so maigida ya riƙe a yau shi ne, ba da ƙarfin direba ake auna tafiyar iyali ba. Duba cikin motar, wa ya fi kowa rauni? Jaririn da ake goyo ne, ko yarinyar nan da mota ke sa ta amai, ko Hajiya Kaka mai ciwon gwiwa? To shi ne ma'auninka. In Kaka ba za ta iya zaman awa biyu ba tare da ta miƙe ƙafa ba, to duk awa biyu akwai zango, ko kai ba ka gaji ba.

Mu yi lissafi. Dokar hanya a Najeriya ta ba ƙaramar mota gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya. Amma in ka haɗa da ramuka, da garuruwan da za ka ratsa, da shingayen jami'an tsaro, da tirelar da za ka bi a baya kana neman wurin wuce ta, da wuya ka ci fiye da kilomita 60 a kowace awa. Ke nan Kano zuwa Bauchi awa biyar ce ta tuƙi zalla. Ƙara awa uku na tsaye-tsaye, salla, cin abinci da kallo. Awa takwas ke nan. In kun tashi bakwai na safe, kuna Bauchi wajen uku na rana, ku yi la'asar a masauki, yara su yi wanka. A nan za a kwana. Wanda ya ce sai ya ƙarasa Yankari a ranar, to da magariba zai shiga daji, da yara masu kuka da direba mai gyangyaɗi. Saboda haka tsarin kwana huɗu ne: ɗaya zuwa Bauchi, ɗaya zuwa Yankari, ɗaya a zauna a can ba a motsa mota ba, ɗaya a komo.

Sai maganar lokaci, kuma a nan dole ku zaɓa, domin ba a samun komai a wata guda. In korayen duwatsu da gonaki kuke son gani, ku fita da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, dawa ta sunkuyar da kai, ana ɗaure dammunan gero a bakin hanya. Sai dai a lokacin ciyawa ta yi tsawo a Yankari, ruwa yana ko'ina, namun daji sun bazu, ganinsu sai an dace. In kuwa dabbobin ne muradinku, ƙarshen rani ya fi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, kowace dabba dole ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. Amma fa zafin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne ga ƙananan yara. Hutun Disamba yana tsakiya: akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo yakan rufe duwatsun da kuka zo kallo, kuma lokacin ne masauki ke cika. A ganina, mai ƙananan yara ya ɗauki ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, ya haƙura da abin da ya samu. Tsakiyar damina kuwa, Agusta musamman, a bar ta. Ruwa na iya cinye hanya ko ya karya gada cikin dare ɗaya.

Maganar tsaro ba za mu kewaye ta ba. Hanyar nan tana ratsa dazuzzuka, kuma halin hanya canzawa yake yi. Labarin da ka ji bara ba shi ne na bana ba, mai daɗi ne ko mara daɗi. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, je tasha inda ake lodin Bauchi, ka sami direban da ya shigo yau, ka gaishe shi ka ce, "Malam, don Allah yaya hanyar Ningi a 'yan kwanakin nan? Iyali zan ɗauka." Zai gaya maka inda kwalta ta fashe, inda ake aiki, inda ba a tsayawa, da ƙarfe nawa su kansu suke daina bi. Babu taswirar waya da ta kai wannan. In ya ce maka a dakata, to a dakata. Yankari ba za ta gudu ba. Sannan a sanar da wani ɗan'uwa a gida hanyar da za a bi da inda za a kwana, a riƙa kiransa a kowane zango. Hotunan kuma a adana su a waya, a sa su a Facebook bayan an dawo. Ba dole ne duniya ta san gidanku babu kowa ba. Tafiyar dare kuwa, ko ana zaman lafiya, ba ta mai iyali ba ce.

Mota a kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba. Dalili kuwa, in ya taɓa wani abu, kana bukatar 'yan kwanaki kana yawo da ita cikin gari ka ga ko gyaran ya zauna. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fanbel, batir da fitilu. Taya kuwa bari in tsaya a kanta, domin ita ce muka fi yi wa sakaci. Tsuguna ka duba gefen tayarka. Cikin rubuce-rubucen nan akwai lambobi huɗu a jere, galibi a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, to an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ba da shawarar a daina amfani da taya in ta shekara huɗu da yi, ko da zanenta bai cinye ba, saboda roba tana bushewa ta tsattsage daga ciki. Tayar gwanjo takan yi kyau a ido, mai faci ya goge ta tana ƙyalli, amma lambar ba ta ƙarya. A cikin gari za ta iya kai ka kasuwa shekara guda. A kan kwalta mai zafi, mota cike da mutane da kaya, awa biyar ana gudu, nan take nuna halinta. Kada a manta da sifiya, a tabbata akwai iska a cikinta, da jak da abin kwance ƙafa, da abin kashe gobara. Takardun mota da lasin su kasance a hannu, a rubuta lambar kiran gaggawa ta 'yan kiyaye haɗurra, wato 122. In kuma mota ta yi zafi a hanya, a tsaya a bar ta ta huce. Kada a buɗe murfin lagireto tana tafasa.

Uwargida, ga naki. Guzurin hanya a yi wanda zafi ba ya lalata shi da wuri: dambun nama, soyayyen nama, kilishi, cincin, gurasa, dafaffen ƙwai na cin safe, lemo da ayaba. Shinkafa da miya a kula tana da daɗi, amma a cinye ta kafin azahar. Ruwan sha ya fi komai, a ɗauka fiye da yadda ake zato. Sai tabarma, darduma, buta, sabulu, da ledar zuba shara. Jakar magani kuma ta zauna a ƙafarki, ba a cikin but ƙarƙashin akwatuna ba: maganin zazzaɓi na yara, garin gishiri da sukari na gudawa, filasta, man shafawa na korar sauro, da maganin hawan jini ko na sukari in akwai mai sha. Yarinya mai amai a mota kada a cika mata ciki da maiƙo kafin a tashi, kada a ba ta waya tana kallo, a zaunar da ita inda za ta riƙa hangen nesa, a ɗan sauke gilashi. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 kujerar baya ce tasu, kowa da bel. Ɗora yaro a cinya a gaba don ya ga hanya ba gata ba ne. Mai juna biyu kuwa ta fara jin ta bakin asibiti.

(Kiɗa)

Jama'a, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna kuma kan hanyar Kano zuwa Yankari da iyali. To, an yi asuba, an karya, an yi addu'a, gari ya waye sarai, sai a tayar da mota. A cika tanki tun jiya. Kuma a goge gilashin gaba sosai, domin gabas za ku fuskanta, rana za ta fito muku a ido.

Wudil ce farko, kilomita 40 da 'yan kai daga Kano. A rage gudu a kan gada yara su ga kogi, da masu kwale-kwale, da lambunan bakin ruwa. Ranar Juma'a ce kasuwar Wudil take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. In ba ku son cunkoso, kada ku sa tafiyarku ranar. In kuwa yaranku 'yan birni ne da ba su taɓa ganin kara cike da bijimai ba, to ku zaɓi Juma'ar da gangan, ku ba ta awa guda, ku rage wani abu a gaba.

Daga nan hanya ta miƙe, kuma a nan ne yara suke fara cewa, "Baba, mun kusa?" Maganin wannan tambaya yana bakin hanya. A sa su gasar gane itatuwa. Ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kaɗanya, ga giginya a fadama. In da rani ne, nuna musu kuka ta zubar da ganye tsirara, sannan ka nuna musu gawo kusa da ita ya yi kore shar. Shi gawo da damina yake kaɗe ganyensa, ya fitar da sabo da rani, lokacin da sauran suka bushe. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da babu ciyawa. In Kaka tana cikin motar, ai an huta, ita za ta karɓi darasin, har da wanda ake miya da shi da wanda ake jiƙa wa mai jego. Yaron da ya san sunan itace goma kafin a kai Bauchi bai yi asarar man da aka ƙona ba.

Wajen ƙarfe goma kuna Birnin Kudu, a jihar Jigawa, kuma nan ne babban zangon safe. Mutane da yawa suna wucewa ta garin nan ba su san abin da ke cikin duwatsunsa ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, yawancinsu hotunan shanu, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru. A shekarun 1950 masana suka fara rubutu a kansu, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai kuma duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse suke amo, wanda yara ba sa gajiya da shi. Ku yi tambaya a gari a haɗa ku da mai kula da wurin, kada ku kama hawa ku kaɗai. A hana yara shafa zanen da hannu, balle rubuta sunansu da gawayi. Abin da ya daɗe haka yana jiran ku, bai kamata ya lalace a hannunku ba. Kaka kuma a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ba sai ta hau ba.

Tun da mun sauka daga mota, bari in yi wata 'yar magana a kan ladabin baƙo. Karkara ba filin Allah ba ne da babu mai shi. Inuwar da ka gani a bakin hanya, gonar wani ce. In akwai mutane, yi sallama, ka ce, "Baba, sannu da aiki, ko za mu ɗan huta a nan?" Ba za a hana ka ba, wataƙila ma a kawo maka gyaɗa. Kada a ɗauki hoton matan da ke tallan nono ko masu sussuka ba a tambaye su ba. In garke yana tsallaka titi, a tsaya cak, a bar matsa ham, shanu in sun firgita kan mota suke yi. Ledar da kuka ci abinci kuma ku tafi da abarku. Saniya ko akuya takan haɗiye leda, ta cushe mata ciki, ta rame har ta mutu, mai ita bai san dalili ba.

Bayan Birnin Kudu za ku karkata kudu, ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin Kano ya ƙare, duwatsu sun fara tasowa, manya a kan manya. Kun shigo ƙasar Ningi. A nan ne ya dace a yi azahar a ci abincin rana. Malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli. A tambayi malamin unguwa tun kafin a taso, don kada a yi ta gardama a mota. In yara sun tambayi labarin duwatsun, akwai abin faɗa. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano suka shige cikin waɗannan duwatsu, suka haɗa kai da mutanen wurin, suka kafa mulkin da ya daɗe yana gagarar Kano da Bauchi da Zazzau. Ka sa yaro ya dubi dutsen, ka tambaye shi ta ina mai doki zai hau. Shi da kansa zai gane dalili.

Kafin Bauchi da kimanin kilomita 45 akwai Kafin Madaki. A nan Gidan Madaki yake, ginin ƙasa na ƙarni na 19, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. In da sauran lokaci, kuma an ba ku izini, ku shiga yara su ɗaga kai su ga yadda aka ɗaure rufi da bakan gizo, da ƙasa da azara, babu siminti babu rodi. In kuwa rana ta yi, ko jariri ya fara rigima, ku wuce abinku, a komowa a tsaya. Duk wurin da muka ambata, in ban da masaukin dare, ana iya tsallake shi.

Masaukin Bauchi a kama shi tun daga gida ta waya, ko a sanar da 'yan'uwa da wuri in gidansu za a sauka. Mutum shida su faɗo wa gida da la'asar ba sanarwa, zumunci ne mai nauyi.

Kwana na biyu ba a tashin asuba don hanya. A karya da masar Bauchi, wadda ko Bakano mai ji da wainarsa yakan sara mata. Sannan a kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Akwai ɗan gidan tarihi a wurin da aka ajiye wasu kayayyakinsa. A gaya musu malamin makaranta ne kafin siyasa, kuma shi ya rubuta littafin Shaihu Umar. Awa guda ta isa. A sake cika tanki a Bauchi, a ciri tsabar kuɗi, a sayi ruwa da burodi, domin a daji ba a dogara da sabis na waya ko na'urar cirar kuɗi.

Ku ɗauki hanyar Gombe. A Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola, za ku bar babbar hanya ku yi kudu kimanin kilomita 29 zuwa Mainamaji, ƙofar gandun. Nan ake biyan kuɗin shiga. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji, kuma a tafi a hankali, dabba na iya fitowa kowane lokaci. Ku yi ƙoƙari ku isa kafin la'asar.

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Akwai ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, da tsuntsaye iri-iri, kuma tana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Najeriya. Amma maigida, kada ka yi wa yara alkawarin giwa. Ba gidan zu ba ne, babu keji. Wani ya shiga sau ɗaya ya gamu da garke, wani ya kwana uku sai kashinsu da sawunsu kawai ya gani. Ka ce musu za mu je mu nema, in an gani riba ce. Zagayen daji da sassafe ko da yamma ake yi, tare da ma'aikacin gandun, kuma ba a sauka daga mota sai inda ya ce. A sa tufafi masu dogon hannu, masu haske, saboda ƙudan tsando baƙi da shuɗi suke bi. Akwai kuma kogunan Marshall, ramukan da mutanen da suka fafe a jikin dutse, ga wanda yaransa suka isa tafiyar ƙasa.

Dabbobin da ba sai kun nema ba su ne gyado da gwaggon biri, domin a tsakar masaukin suke yawo. Gyado ba ruwansa da kowa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo. Birin ne abin kula. Yana zaune can gefe yana sosa ciki, ka ce bai san da ku ba, alhali idonsa na kan ledar da ke hannun uwargida. Ta juya ta ce, "Abban Ummi, miƙo min makulli," kafin ta waiwayo ya fizge burodin ya haye rufin ɗaki, ya zauna yana ɓare ledar a gabanku. Sun san murɗa ƙofa, sun san leƙa tagar mota. A kulle ɗaki ko ana ciki, a ɗage gilashin mota, kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada kuma a ba su da gangan ko a tsokane su. Haƙoransu ba na wasa ba ne.

Sai ruwan Wikki, wanda shi kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ana gangara matakala daga masauki, sai ga ruwa garai-garai yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, kana ganin farin yashin ƙasansa, itatuwa sun yi masa rumfa. Ɗuminsa awo 31 ne a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, rani da damina, shi ya sa da sanyin Disamba ya fi daɗi. Kusa da dutsen yana da zurfin da zai shanye babba, can ƙasa kuma ya yi faɗi yara na iya tsayawa. Duk da haka babba ɗaya ya zauna musamman don kallon yara, ba ya wanka, ba ya danna waya. Iyalin da ke son sirri su gangara da sassafe kafin jama'a su taru, mata su tafi da kayan da za su shiga ruwa da su cikin sutura. Kwana na ukun nan kada a cusa masa komai: zagaye ɗaya da safe, a leƙa ɗan gidan tarihin masaukin a ga fatu da haure da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, a yi barcin rana, a koma ruwa.

Kuɗi kuwa kowa ya san aljihunsa, amma ga yadda ake lissafin mai. Zuwa da komowa da 'yan zagaye-zagaye, ka ɗauka kilomita 900. In motarka tana cin lita ɗaya a kilomita 10, lita 90 ke nan, sai ka buga da farashin ranar. Ƙara masauki na dare uku, abinci, kuɗin shiga da na zagaye, waɗanda za ka tambaya ta waya kafin ka taso, tare da tambayar ko akwai ruwa da wuta a ɗakunan. Sannan ka ware wani abu da ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. In lissafin bai fita ba, a rage nisa, kada a rage kwana. Birnin Kudu kaɗai, a je da safe a dawo da yamma, ita ma fita ce.

Komowa ita ce aka fi rainawa, alhali a nan gajiya take. Kilomita 400 ne da 'yan kai a yini ɗaya, don haka a bar Wikki da zarar gari ya waye. Direba ya kwanta da wuri a daren, in kuma uwargida ko babban ɗa na da lasin, a riƙa karɓar juna. Da ka ji ido yana nauyi, tsaya ka runtsa na minti ashirin a cikin gari. Goro da wanke fuska ba sa biyan bashin barci. Tsaraba a saye ta yanzu, ba a tafiya ba, don kada ta kwana uku a but. Ku lura, daga Birnin Kudu yamma za ku fuskanta, in kun yi la'asar sakaliya a hanya rana za ta kashe muku ido daidai lokacin da babura da amalanke ke komowa daga gona. Ku auna ku shiga Kano kafin nan. In kun makara da tashi, ku sake kwana a Bauchi. Kuma a tsara tafiyar yadda za a dawo ranar Asabar, a sami Lahadi a yi wanki a huta, kafin Litinin ta aiki da makaranta.